Abin da Juji Ya Faɗa wa Gwaggo

Daminar bana da hanci na san ta, da kunne, da tafin ƙafa. Yanar ido ta rufe min idanu biyu, na dama ya fi lalacewa. In hadari ya haɗu sai in ji iska ta sauya, in ji awaki na kuka suna neman rumfa, amma in na ɗaga kai fari-fari kawai nake gani, kamar an watsa min ƙasari a fuska. Mutum zai yi sallama a ƙofar gida, sai ya yi magana ta biyu kafin in gane ko wane ne. Ni da nake tsince tsakuwa a cikin wake tun ban kai taɓarya tsawo ba, yau ga ni ana riƙe min hannu zuwa bakin randa. Abin ya ƙona min rai ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Ƙauyenmu na cikin duwatsun da ke kusa da Allakai, a ƙasar Buza, cikin Adar. Kafin ruwan shuka ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, ya ɗauke ni zuwa likita, wato asibiti, a Madawa. Lokotoron ido, wato dakta mai duba ido, ya haska ya ce yana ce, kuma ana cire ta mutum ya koma gani. Sai dai ina da ciwon sukari, shekaru ina shan ƙwayarsa ranar da na tuna. Ya ce ba ya sa hannu a idon mai sukari sai jini ya kwanta, don raunin ba ya warkewa yadda ake so. Ya tura ni wajen majo, wato babbar ma'aikaciyar da ke kula da masu irin ciwona.

Majo ta ce awo iri biyu ne. Akwai na tsaga yatsa, wanda ke faɗin yadda jini yake a wannan lokacin. Akwai kuma wanda ake ɗiba a hannu, shi kuwa labarin wata uku yake bayarwa. Nawa ya nuna goma. Ta ce goman nan, in an mayar da shi lissafin yatsa, kamar a ce dare da rana jinina yana zaune kusa da gram biyu da rabi, kuma hakan ya yi yawa. In na dawo bayan wata uku ya sauko wajen bakwai ko takwas, za a ba ni ranar aiki. In bai sauko ba, sai wani zagayen. Na ce to don kunya, amma ban gane ba. A raina na ce jini ai ba malami ba ne, ina ya samu allon da zai rubuta abin da na ci watan jiya?

Zali, matar ɗan nawa, ita ta karɓi ragamata. Yarinyar kirki ce, amma da aka ba ta iko a kan kwanona sai na ga ashe akwai soja a cikinta. Fura ta koma rabin ludayi biyu, ba sukari. Shayi ma haka, ɗaci zalla. Tuwo dunƙule ɗaya, sai ganye tuli, yau tafasa, gobe zogale, jibi rama, da wake in an samu. Ƙwaya a kan lokaci. Da hantsi ta ba ni bakin zanenta in riƙe mu taka har gonar bayan gari mu dawo. Wata rana na yi nawa wayon, na sha ƙwaya na ƙi cin komai don abin ya yi saurin sauka. Kafin azahar jikina ya ɗauki ɓari, zufa ta jiƙa ni, har sai da Zali ta tura min dabino a baki tana faɗa. Daga ranar ban sake ba.

Ranar da aka fara kawo min kwaɗon tafasa, ina zaune na jingina da rumbunmu, kuma na san cike yake da hatsin bara. Na kai loma baki, ɗan ɗacin nan da warin ganyen suka hau min kai, sai na ji dariya ta kama ni, a bayanta kuma hawaye. Zali ta tambaya ko gishiri ne ya yi yawa. Na ce mata a'a, wata damina na tuna, wadda na ci ganye ina jingine da rumbu kamar haka, sai dai wancan in ka buga shi amsawa yake yi.

Shekara arba'in ke nan ko fiye. Ina da goyon fari, ina zaune gidan mijina tare da uwarsa, wadda muke kira Inna. Daminar da ta gabata ruwa ya ɗauke hatsi na da ciki, ya bushe a tsaye. Abin da muka yanka bai fi abin da jaki zai kwaso a tafiya kaɗan ba. Kafin sanyi ya wuce mun share gindin rumbu da tsintsiya. Maza suka gangara Najeriya ci-rani, mai gidana ya dawo dab da shuka da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Bazarar shekarar ba na fatan ko maƙiyina ya gan ta. Duwatsun ƙasarmu in rana ta buɗe sai su riƙe zafi, ka taka da takalmi ka ji shi a tsakar kai. Rijiyar gari ta koma laka, sai an tura guga an jira. Mu mata da an yi sallar asuba muke hawa tudu da ƙwarya da tsohon buhu, neman anza. Wanda bai san ta ba, wata 'yar itaciya ce da ba ta jin fari, 'ya'yanta ƙanana, ɗacinsu kuwa ko akuya sai ta rasa abin yi take kusantarsu. Mu tsinko, mu shanya, mu ɓare ɓawon a turmi, mu jiƙa ƙwayar kwana da kwanaki muna sauya ruwa har ɗacin ya ragu, sannan a dafa a ci kamar wake. Ruwan da za a jiƙa ta ma wani aiki ne, don da wuya ake ɗauko shi daga kwari. Gida duk ya ɗauki wani tsami-tsami, hannuwanmu suka yi kanta. In an ci, ciki ya cika ya yi ta ƙugi, amma ƙarfi ba ya zuwa.

Ruwa ya sauka a kan lokacinsa, ruwa mai kyau. Har yau ina jin ƙamshin ƙasar nan a hancina. Muka fita da sungumi, da irin da Inna ta ɓoye a tulu ta liƙe bakinsa da laka tun kaka, wanda ko ranar da jikanta ya kwana yana kuka ba ta fasa ba. Aka yi shuka, ta tsiro, ƙasa ta yi kore shar. A nan ne wahalar ta kai wahala. Yunwar rani kana iya kwanciya a inuwa ka jira ta, amma yunwar damina hauya take miƙo maka. Maza na ɗaure ciki da rawani su duƙa noma, su yi ɗan kunya ɗaya su tsaya suna haki. Gayya da aka saba yi da tuwo da fura da kiɗa sai aka koma yinta shiru, yau gonar wannan gobe ta wancan, kowa ya zo da ruwansa a gora. Mu kuma muna bayansu muna cirar tafasa da gasaya da yaɗiya, mu dafa mu matse mu barbaɗa gishiri in akwai. Nonona ya tsinke, yaron ya kama ya ja ya saki ya dube ni. Wannan kallon shi ne abin da ya fi yi min ciwo a shekarar.

Inna mace ce mai tsare mutunci har ya yi yawa. Takan ce kakanninta sun zauna ƙarƙashin mutanen arewa masu raƙuma, kuma abin da suka gada daga wancan zama shi ne kada kowa ya san cikin rumbunka, ko a cike ko wayam. In a cike yake za a ɗiba, in wayam ne za a raina ka. Don haka ko maƙwabta in sun tambaye ta ya gida, sai ta ce sai godiya, alhali tare muka hau tudun anza da safe.

Ana cikin noman fari sai wani mai zuwa kasuwa ya kawo saƙo cewa Gwaggo Hajo na tafe. Ƙanwar babana ce, tana aure a wajen Sabon Gida, inda suke da fadama da rijiyoyin albasa, ba su ji shekarar kamar mu ba. Za ta zo ganin jariri. Inna ta ji saƙon ta zauna a kan turmi ta yi tagumi. Dangin matar ɗanta su zo su tarar ana ba 'yarsu anza? Ta ce da wannan gara ta kwanta dama.

Abin da ya faru ranar har yanzu yana ba ni mamaki. Inna ta zaga gidajen unguwa, ban san me ta ce musu ba. Kafin rana ta yi tsaka mata suka fara shigowa ɗaya bayan ɗaya, kowa da abu a ƙulle a bakin zane. Wannan tafin hannu ɗaya na hatsi, waccan ɗan ragowar iri, wata ta kawo kuka, wata ɗan man shanu a kwalbar magani. Mutanen da 'ya'yansu ba su ga tsaba ba tun sanyi, su ne suka fito da ɓoyayyen abinsu don kada baƙuwa ta raina garin. Aka yi surfe da ƙarfi don a ji ƙarar taɓarya. Aka kwashe ƙwaryar anza aka kai maƙwabta, aka kunna turaren wuta, aka tattara yara aka kai su can ƙarshen gari don kada su tsaya suna kallon bakin baƙuwa. Ni kuwa Inna ta shafe ni da mai, ta sa min kwalli, ta ɗaura min zane biyu a ƙugu wai in yi kauri.

Da ƙamshin tuwon ya tashi sai da na dafa bango. Ban taɓa sanin hatsi yana da ƙamshi haka ba.

Gwaggo ta iso a kan jaki da la'asar, aka yi gaishe-gaishe irin na surukai, kowa na kallon ƙasa. Ta karɓi yaro ta yi masa wasa ta ce ya ɗauko goshin gidansu. Aka ajiye mata tuwo. Ta ci loma kaɗan, ta yaba miya, ta ture kwanon ta ce ta ci ƙosai a hanya. Inna kuwa tana ta faɗin yadda Allah ya rufa asiri bana, sai ka rantse da rumbu uku take kwana. Washegari da safe Gwaggo ta ɗauki buta ta zagaya bayan gida. Ta daɗe, har Inna ta ce in leƙa ko lafiya. Na hango ta tsaye a kan juji, inda muke zubar da shara, tana tona shi da yatsan ƙafa kamar mai neman ɗan kunne.

Da za ta tafi, na raka ta bayan gari. Ta tsayar da jaki a gindin wata adduwa ta dube ni.

"Ɗiyata, tun yaushe rabonku da hatsi?"

Na ce, "Gwaggo, ai kin ga tuwo jiya."

"Na gani, kuma ya yi daɗi. Tuwon baƙo na. Ni jujinku nit tambaya. Sama ɓawon anza, na tona, tsakiya ɓawon anza. Sai can ƙasa ƙwarai nig ga ƙaiƙayi, shi ma ya ruɓe. Gidan da aka sussuka kullum ba ya rasa ƙaiƙayi bisa juji. Ko kaza guda ban gani ba tana tono."

Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan goyona. Ta sa hannu ta taɓa ƙuguna ta ji zane biyun, sai ta yi ɗan murmushi.

"Kwance guda, zahi a kai. Kuma kak ki hwaɗa ma surukakki mun yi wagga magana."

Bayan kasuwa ɗaya sai ga jakuna a ƙofar gidanmu, da buhunan hatsi da dawa da ɗan wake. Mai korar jakunan ya isar da saƙo a gaban Inna. Wai Gwaggo na gaishe ta, wai rumbunta na yoyo, tana roƙon a ajiye mata wannan har kaka, in kuma an ga ƙwari za su ci, to a riga su. Inna ta tsaya tana kallon buhunan. Ta gane sarai, mu ma mun san ta gane. Ta ce, "To, Allah shi ba mu ikon riƙon amana." Ta shiga ɗaki ta ɗan jima, ta fito ido jajur, ta ce in ɗauko mudu. Duk matar da ta kawo tafin hannu ranar baƙuwa, Inna ta aika mata da ƙwarya. Abin da ya rage muka riƙa haɗa shi da ganye da anza, muna ja a hankali. Cikin 'yan kwanaki nonona ya dawo. Hatsin nan ya kai mu har ranar da mai gidana ya shigo da tumun fari a hannu, muka gasa, muka murza, muka ci muna ƙona baki.

Wannan duk ya dawo min a kan kwanon tafasa, kuma ya zauna tare da ni har wata ukun suka cika. In raina ya biya wa shayi mai zaƙi sai in ce wa kaina, ke da kika ci anza don dole, ganye da ƙuliƙuli ne zai gagare ki don idonki? Marka ta zo, ɗakuna suka yi sanyi, kwaɗi suka hana mu jin juna. Ina jin jikoki na cewa hatsi ya fid da kai, ni kuwa sai dai in shafa in ji.

Gwaggo ta daɗe da rasuwa, Inna ma haka, Allah ya jiƙansu. Amma 'yar Gwaggo, Rakiya, tana aure a cikin Madawa. Taubashiyata ce, tun muna yara ba ma haɗuwa ba a yi tsiya ba. Wurinta muka sauka ni da Zali ana gobe awo. Tun daga zaure na ji muryarta.

"Ga makauniyar Adar ta iso! Ku kauda tukwane kat ta hwasa muna!"

Na ce, "Ke dai da baki aka haihe ki. In an buɗe mani ido ke za ni hwara gani in koma in ruhe."

Muka rungume juna muna dariya. Ba a jima ba ta dire min ƙwarya a gaba. Tun kafin in taɓa na ji ƙamshin, fura ce da nono mai kauri, an zuba mata sukari ba tsoron Allah. Bayanta shinkafa da taliya, da fanke. Zali ta fara cewa, "Inna Rakiya, ai likita ya hana..." sai na mintsine ta a cinya. Rakiya ta ce, "Wane likita? Ƙwarya guda ba ta kashe mutum. Gidan ɗiyar Gwaggonki za ki zo ki ce ba ki ci?"

Kalmar nan ita ta gama da ni. Da a wani gida ne, wallahi da na ture. Amma a ce ni, ni da ɗan da ya kawo ni likita muke raye da hatsin uwarta, in ture ƙwaryar 'yar Gwaggo? Hannuna ya ƙi. Na sha, na ci, da safe kuma ta dama kunu da sukari na ƙara. Kuma tunda gaskiya ake faɗa, furar ta yi daɗi har cikin kaina.

A likita aka ɗebi jini a hannu, sannan wata ma'aikaciya ta tsaga min yatsa. Na ji ta ja tsaki ƙasa-ƙasa. Ta ce ya kusa gram uku.  Ko ranar farko da na zo bai kai haka ba. Aka ce mu jira a rumfa. Na zauna a kan benci ina jin ruwa na ɗiga daga kwano, na ce shi ke nan, na zubar da wata uku a ƙwarya ɗaya. Wani zagayen kuma sai bayan kaka, in ma da rabon. Na tuna tafiyar hantsi da bakin zanen Zali a hannuna, da duk shayi mai ɗacin da na haɗiye. Ina jin yadda Zali take sauke numfashi. Rakiya da ta biyo mu, wadda tun da na san ta bakinta bai taɓa hutawa ba, ta dafa kafaɗata. Can ta ce a hankali, "Ni na ja maki." 

Sai bayan azahar aka kira mu. Majo ta ce, "Inna, mi kinka ci jiya?"

Na faɗa mata duka, ban rage ko fanke ɗaya ba. Ta yi dariya har da buga tebur.

"To, yatsa ya kai ƙararki, kuma gaskiya yaf faɗi. Yau kam ko kusa ba a taɓa idonki. Amma analiz, awon nan na wata ukku, ya hito, bakwai na da ɗan ɗori. In mun maishe shi lissahin yatsa, jininki ya zamna wajen gram guda da rabi da 'yan kai, in an haɗa dare da rana, da ranar kirki da ranar ɓarna, an raba daidai. Daga kusan biyu da rabi kinka sauko nan. Kin yi aiki, Inna."

Na ce ban gane ba, ta yaya furar jiya ba ta shiga ciki ba? Wannan karon ban ce to don kunya ba, na ce ta yi min dalla-dalla.

Ta ce a cikin jini akwai wasu jajayen ƙwayoyi da ido ba ya gani. Sukarin da ke yawo a jini yana manne musu kaɗan-kaɗan, in ya manne kuma ba ya sauka. Kowace ƙwaya takan yi wajen wata uku tana aiki kafin ta mutu sabuwa ta maye gurbinta. Don haka in an ɗebi jini, akwai tsofaffi, akwai matsakaita, akwai sababbi, kowacce ɗauke da shaidar kwanakin da ta gani. Na'ura tana duba yawan abin da ya manne ne. Makonnin baya-bayan nan sun fi nauyi a lissafin, amma cin yini ɗaya ba ya motsa shi wani abin kirki, haka ma wanda ya yi wata uku yana sha'aninsa ya zo ya kame baki ana jibi awo, ba zai ruɗe shi ba.

Ban san lokacin da na tafa hannu ba. Na ce, "Ashe juji na!"

Majo ta ce, "Wane juji kuma?"

Na ba ta labarin Gwaggo a gajarce, da tuwon baƙo, da ɓawon anza sama da tsakiya. Na ce wancan karon kwano ya ce lafiya lau, juji ya ce akwai yunwa. Yau kwano ya ce na ɓata, juji ya tsaya min. Ta ce haka ne, za ta ma riƙa ba tsofaffi wannan misalin. Amma ta ja min kunne. Ta ce juji ba ya faɗin ranar da mutum ya kusa faɗuwa. Zali ta gaya mata zancen dabino, kuma irin wannan ranar ta ƙasa da ranar fura ta sama in an haɗa su sai su ba da lissafi mai kyau, alhali kowacce haɗari ce. Shi ya sa yatsa ma yake da aikinsa. Ta ƙara da cewa mai ƙarancin jini ko mai sikila awon kan iya ruɗar da shi, amma ni sun duba, nawa ba matsala. Sannan ta faɗi ranar aiki, mako na sama, da sharaɗin ranar ma yatsa ya nuna hankali.

Na gode wa Allah a fili, na gode wa majo, na lalubo hannun Zali na riƙe. Yarinyar nan ta sha harara da baƙar magana daga wurina wata uku, ba ta taɓa mayar min ba.

Ba mu koma gida ba, muka zauna wurin Rakiya. Ita ce ta koma mai gadin tukunya. Ta ɓoye gwangwanin sukari, ta riƙa dafa zogale tana mita wai na mayar mata da gida garken awaki. In jikokinta suka matso kusa da ni da alawa sai ta kore su da muciya. Ranar aiki ɗana ya iso daga ƙauye, aka tsaga yatsa aka ce ya yi. Aikin kansa ban ji komai ba sai sanyin ruwa da muryar lokotoro yana cewa kada in motsa. Aka rufe idon dama da auduga aka ce sai gobe.

Da safe aka zaunar da ni a kujera. Lokotoro ya ɓare filastar a hankali ya ce in buɗe. Haske ya soke ni, na rufe, na sake buɗewa. Bango ya fito, da taga, da koren ganyen wata bishiya a waje, kowane ganye da gefensa. Sai wata fuska ta sunkuyo dab da tawa. Tsohuwa ce, da furfura a bakin kallabi, da ido ƙanana masu bincike, ta ɗan karkatar da kai gefe tana nazarina. Shekaru na yi ina jin muryar Rakiya ban ga yadda girma ya mayar da ita ba. Gwaggo Hajo ce tsaye a gabana, ba abin da ya rage.

Ban taɓa yi wa Gwaggo godiya ba. Ta ce ajiya ce, kuma ajiya ba a gode mata, haka muka bar zancen har ta koma ga Allah. Na kamo hannun matar nan da hannu biyu.

"Gwaggo, mun gode. Hatsin ya kai mu kaka. Yaron ya rayu, ga shi can waje."

Rakiya ta ƙura min ido. Na ga leɓenta na motsi, na ga ruwa ya cika mata ido, na gan shi sarai har ya gangaro. Sai ta juya wajen lokotoro tana share fuska da bakin mayafi.

"Lokotoro, maida mata audugarka, aikin bai yi ba. Ni taka kira Gwaggo."

Lokotoro ya ce a daina kuka, sabon ido ba ya son hawaye. Muka ce to, mu duka biyu, amma ba wadda ta saki hannun 'yar'uwarta.